Yatsan Ƙanena

Ni na koya wa ƙanena harbin faifai, kuma ina tsaye a bayansa abin ya kuɓuce masa.

Lokacin ina aikin ɗamara a Dutse, aka ɗora mini horar da 'yan wasan harbi na wurin aikinmu. Na'ura ce take wurga ɗan faifan yumɓu sama, mai harbi ya yi kira a sake shi, ya bi shi da bindiga ya fasa kafin ya faɗo. Muna atisaye a wani fili bayan duwatsu, nesa da gidaje, duk sanda aka samu harsashi.

Ƙanena ya shigo aikin bayana da shekaru. A Miga muka tashi, muna bin shanu. Ranar da ya fara riƙe bindigar wasa, tsayuwa kawai na gyara masa, na nuna masa inda zai kwantar da kunci. Faifai yana tashi sai dai ka ga gari yana zubowa. In na tambaye shi me yake tunani a lokacin, sai ya yi dariya ya ce, "Hamma, ai ba na tunanin komai." Hamma yake kirana, wato Yaya.

Aka zaɓe shi zuwa babbar gasa. Manyanmu suka fara zuwa filin kallonsa, kowa yana dafa masa kafaɗa. A cikin daminar nan abin ya soma. Wata safiya ya yi kira, faifai ya tashi, bakin bindiga ya bi shi daidai, amma ba a ji ƙara ba. Faifan ya faɗa cikin ciyawa lafiya lau. Na karɓi bindigar na duba, na harba da kaina, ta tashi.

"Me ya faru?" na tambaye shi.

"Yatsan ne ya ƙi," ya ce, yana kallon hannunsa. "Na ce masa ya ja, bai ja ba."

Na ce gajiya ce, ya je ya huta. Da ya dawo ya fasa wasu a jere, sannan abin ya sake zuwa. Wani lokaci yatsan ya ƙame, wani lokaci kuma jikinsa duka ya zabura gaba kamar an tunkuɗe shi, harbin ya tafi ƙasa.

Duk abin da na sani na gwada. Na sa shi sauke numfashi kafin kira. Na sa shi jan kunamar bindiga ba harsashi, a nan yatsan yakan bi umarni sumul. Na hana 'yan kallo zuwa. Na daina yi masa gyara, sai shirun nawa ya fi damunsa, yana waiwayena bayan kowane harbi. Likita ya murza hannun, ya gwada jijiyoyi, ya ce bai ga komai ba. Innarmu ta aiko a kai shi wurin wani malami a Limawa. Malamin ya yi masa addu'a, ya ba shi rubutu, ya ce ya rage sa abin a rai. Ni ma abin da nake gaya masa ke nan, amma babu wanda ya iya nuna masa yadda ake ragewa.

Na so in cire sunansa daga gasar. Ya ce, "Hamma, in ka cire ni, ka yarda ke nan na ƙare." Na bar shi.

A wurin gasa ba a barin mai horarwa ya yi magana da ɗan wasa in an fara. Ina bayan shinge, ina ganin ƙeyarsa da gumin da ya jiƙa masa riga. Ya fara da kyau, har na saki jiki. Can sai ya ɗaga bindiga ya tsaya, bai yi kira ba. Ya sauke, ya goge tafin hannu a wando, ya sake ɗagawa. Na san yana tsoron abin tun bai zo ba, na kuma san tsoron ne yake jawo shi. Da ya yi kiran, faifan ya wuce abinsa. Na bayansa ma haka. Ya tsaya har ƙarshe, bai bar layi ba, faifai suna faɗuwa a gabansa, ni kuwa ina riƙe da ƙarfen shinge.

A mota muna komowa ya ce, "Da ma ciwo ne, da na san abin da zan gaya wa Inna."

Ya nemi a cire shi daga 'yan wasa, daga baya aka mayar da shi aiki Taura. Yana nan lafiya, ya yi aure, yana ɗan noma. Sau ɗaya ya leƙo filin, wata rana da ya shigo Dutse. Ya tsaya yana kallon sababbin da nake koya wa, har ya gyara wa ɗaya tsayuwa. Da aka tashi na miƙa masa bindiga, na ce ba kowa, daga ni sai shi. Ya daɗe yana kallonta a hannuna.

"Bari dai, Hamma," ya ce. "Kar in rasa motar Taura."

Na ɗauke shi a babur na kai shi tasha.