Gishiri a Kofin Silba

Ɗazu jikata ta tambaye ni ma'anar "dissolve", gobe tana da jarrabawa. Karatuna bai yi nisa ba, amma wannan kalmar na san ta.

Marigayi malaminmu na kimiyya a Daura ba ya koyar da kalma sai a aikace. Ya ce daga Latin take, asalinta kwancewa. Ya dama gishiri a kofin silba har ya narke.

"Ina gishirin?"

Na ce, "Ya ɓace, Malam."

"Kurɓa ka ji, ɗana."

Na dama wa yarinyar. Ta kurɓa, ta yamutsa fuska, ta ce, "Kaka, ai yana nan."

Cikinmu da muka sha a kofin nan, ni kaɗai na rage. Allah ya sanyaya masa makwanci.