Baba Braimah, Mai Taswirar Gaisuwa

Kullum bayan sallar asuba, kafin bas ta fara gurnani a titunan unguwar Moss Side ta Manchester, Baba Braimah zai ɗora ruwan shayi, ya kunna tsohuwar kwamfutarsa, ya zauna yana jiran ta farka. Ita ma halin mai ita gare ta, sai ta yi miƙa ta yi tari tukuna. Kofi ɗaya yake saukowa da shi. Tun da matarsa Abibatu ta rasu, ɗayan yana nan a kife a kan kanta. Idan allon ya haska, taswirar Manchester za ta fito, ya ja ta har Birmingham, yana bin ɗigo ɗaya bayan ɗaya. Kowane ɗigo gidan wani tsoho ne ko wata tsohuwa cikin mutanenmu da ke zaune su kaɗai. Kore yana nufin an je an gaishe shi kwanan nan. Rawaya, an kwana biyu. Idan ya ga ja, to a ranar daga wurin aiki ba gida zai nufa ba.

Mutumin Zangon Kumasi ne, kuma ya tsufa a ofishin taswira na council, wato hukumar birnin Manchester, yana sa alamar inda fitilar titi ta mutu da ranar da ta mutu, inda kwalta ta fashe da ranar da aka gyara. Ni kuwa Na'ima ce, nas a Birmingham, kuma waɗanda suka san ni sun san ban iya yabon mutum a banza ba. Wannan dattijo ya ci yabo, shi ya sa na ɗauki alƙalami.

Abin ya samo asali ne a hunturun 2005, lokacin da Malam Iliya, wani tsohon tela, ya rasu a flat ɗinsa shi kaɗai, sai da maƙwabta suka kira hukuma aka ɓalle ƙofa. A wurin jana'iza kowa magana ɗaya yake yi: "Wallahi na kira shi, ya ce lafiya lau." Da aka gama, Baba Braimah ya ce, "To me kuke so ya ce?"

Gaskiya ya faɗa. Mu fa ko a gadon ajali ka tambayi ɗayanmu jiki, "da sauƙi" zai ce maka. A gida wannan kunyar ba ta kashe kowa, don maƙwabciya za ta faɗo neman gishiri ta ga murhu a sanyaye. A nan ƙofa a rufe take, labule a sake, waya kuma ba ta da ido.

Ya shafe watanni yana haɗa manhajar taswirar da kansa, da yamma bayan aiki da ranakun Lahadi. Ya bi gida gida yana neman izinin tsofaffin, don bai sa kowa a taswirar ba sai da yardarsa, kuma ba mai buɗe ta sai masu zuwa gaisuwa. Hajiya Kulu ta unguwar Sparkhill a Birmingham, wadda 'ya'yanta duk suka watse garuruwa da aiki, ta kusa korarsa da tsintsiya.

"Ni za ka mayar ɗigo, Braimah? Da girmana?"

"Hajiya, ai kore zan sa miki."

"To Allah ya sa ya dace da zanena," in ji ta, ta miƙa masa cincin.

Doka ɗaya ya kafa, kuma a kanta aka yi ta rigima da shi: waya ba ta canza launi. Sai ka je da ƙafarka, ka shiga, ka zauna. Toufik, wani direban bas mai yawan kiran tsofaffi, ya ji haushin abin sosai.

"Haba Baba, kullum a break ɗina sai na kira su. Duk wannan bai zama gaisuwa ba?"

"Ya zama, Allah ya ba ka lada. Amma ka ga cikin firij ɗinsu? Ka taɓa hita ka ji ko da ɗumi? Zumunta a ƙafa take, ɗana."

A ƙasan taswirar akwai wani ɗan layi da ake ja, watanni su riƙa wucewa a gaban idonka. Ranar da ya haska mana shi a bango, a wani zaure da muka ara bayan Juma'a, ba zan manta ba. Ya tsaya a kan makon Sallah, garuruwan biyu suka yi kore shar, har muka fara murmushi. Sai ya ci gaba da ja a hankali. Rawaya ta shigo, sannan ja ya bazu daga Moss Side har Sparkhill, ya zauna daram har hunturu ya fita. Shi kuwa bai yi wa'azi ba, kashe injin kawai ya yi.

A watan Janairun 2008 ɗigon Hajiya Kulu ya yi ja. Duk wanda Baba ya tuntuɓa sai ya ce ai an yi magana da ita, tana nan garau, har da dariya. Ya kira ni ina bakin aiki.

"Na'ima 'yata, yaushe za ki tashi?"

"Sai la'asar, Baba. Lafiya?"

"Ban sani ba. Shi ya sa zan je."

Ya hau babbar bas daga Manchester cikin ruwan sama, na same shi a can da na tashi. Inna lillahi! Gidan ya fi waje sanyi, hita ta daɗe da mutuwa. Hajiya tana zaune da riguna a kan riguna, ta naɗe ƙafar dama da tsohon ɗankwali. Ciwon sukari ne da ita, ƙaramin rauni ya zama gyambo, ta kasa sauka bene ta je kanti, biskit da ruwan zafi take ta sha. Amma da Baba ya yi sallama, wai har yunƙurawa ta yi za ta dafa masa shayi, tana cewa lafiya lau, ɗan sanyi ne kawai. Da na kwance ɗankwalin ban tsaya neman GP, likitan unguwa, ba, motar asibiti na kira. Likitoci sun ce da an ƙara jinkiri, da ƙafar ba ta tsira ba. Yau da ita take takawa zuwa Stratford Road tana yi wa masu kanti ciniki.

Baba Braimah, kai ne ka ƙi yarda da "lafiya lau" ɗinmu. Kai ne mai tsayawa a tashar bas da lema da ledar lemu, kana zuwa gidan da ba a gayyace ka ba. Na Abibatu, mai ƙafar zumunta, ba a taɓa kiran sunanka a lasifika ba, ba ka kuma taɓa nema ba.

Bana, 2009, idanunsa suka fara gajiya, ya ajiye aikin council, ya miƙa taswirar ga Hikma, wata ɗalibar jami'a da ke zaune a unguwar Withington ta Manchester. Yarinyar ta ƙara wani abu a manhajar: duk ziyarar da aka yi, zare zai fito daga gidan mai zuwa ya tafi gidan da aka je. Ina wurin ranar da ta gwada. Ta ja layin lokaci tun daga farko, zaruruwa suka fara fita daga wani gida guda a Moss Side, suna fita, suna fita, wasu har Birmingham, sai da gidan ya zama kamar kan tsintsiya. Hikma ta mayar baya ta sake ja. Sannan ta juyo, da Hausarta mai ƙanshin Manchester, ta ce, "Anti, duk fita suke yi. Wa yake zuwa wurin Baba?"

Babu ko ɗigo a kan gidan. Mutumin da ya bi kowa har ɗaki bai sa kansa a taswirarsa ba. Zuciyata ta karye, har yanzu in na tuna sai na ji ta. Muka kira shi muka tambaya, ya yi 'yar dariya ya ce, "Ni ai lafiyata lau."

Hikma ba ta nemi dogon izini ba, ta ce masa dokarsa ce za ta hau kansa. Tana sa ɗigon ya fito ja wur.

Da na gaya wa Hajiya Kulu, mayafinta kawai ta jawo. Ranar Asabar muka hau bas tare, ta taka matakalar gidansa da ƙafar nan, tana haki tana faɗa: "Buɗe, Braimah, na zo duba firij!" Ya buɗe yana ƙifta ido, ya rasa inda zai sa mu. Ya ɗora ruwa, ya miƙa hannu kan kanta, ya ɗan tsaya, sannan ya sauko da kofin Abibatu ya wanke ƙurar da ke kansa. Kofi biyu ne a gidan gaba ɗaya. Ya ba Hajiya ɗaya, ya ba ni ɗaya, shi ya zauna hannu wofi yana kallonmu muna sha, yana ta murmushi.

Mun gode, Baba. Allah ya saka da alheri, ya ƙara wa idanunka haske, ya jiƙan Abibatu.

Ku kuma masu karatu, kowa ya duba tsohon da ke kusa da shi, ko yana taswira ko ba ya ciki. Amma ku fara da Moss Side, don jiya Hikma ta gaya mini ɗigon Baba ya soma komawa rawaya. Don Allah kada ku kira shi, kun riga kun san abin da zai ce. Ku je ku ƙwanƙwasa, kuma in kun fi mutum ɗaya, ku riƙe kofinku, don shi ma ya samu ya sha.