Saude da Askar Ranar Suna

Duk wanda ya san layin masu turara shinkafa a Kura ya san Saude, doguwar nan mai ƙonannen hannu da ke juya shanshera, shinkafa mai ƙaiƙayi, a rabin duro. Ba ta tsoron wuta, ba ta tsoron dillalai. Abu ɗaya ke kaɗa mata hanji: ta ga jinin ɗa namiji.

Tana yarinya aka yi wa ƙanenta kaciya. Sauran yaran suka warke suna ta cin kaji, shi kuwa jini ya ƙi tsayawa har rai ya yi halinsa. Aka ce hannun wanzamin ne ba kyau, aka sallame shi. Da ta yi aure ta haifi Usaini, mijinta ya ɗauko wani wanzamin takanas daga Dawakin Kudu. Aka cire wa jaririn beli ranar suna, ba a gama rabon naman rago ba aka koma zaman makoki. Shi ma wannan wanzamin aka ce askarsa ce. Mutanenmu ke nan, su yi ta canza wanzami kamar masu canza irin tumatir. Daga nan mata zalla ta haifa, lafiya ƙalau.

Bara tana kan aiki, rediyon maƙwabciyarta Kubra na ta ɓaɓatu, sai ta ji wani ɗan majalisa yana bayanin ƙudurin da ya kai. Wai akwai wani ciwo da ba kasafai ake samunsa ba, jini ba ya daskarewa. Mata ke ɗauke da shi ba su sani ba, 'ya'yansu maza yake kamawa. Yana so a yi doka a faɗakar da jama'a, kada a taɓa irin yaran nan da aska sai an gwada su.

"Kubra, me mutumin nan ya ce?"

"Surutun 'yan siyasa ne, Yaya. In ba zaɓe ya matso ba, yaushe suka san muna da jini a jiki?"

Saude ba ta yi dariya ba. Ranar sai da shinkafarta ta kama.

Ƙudurin ko ya wuce ko yana can ana jayayya, ba wanda ya sake ji. Ana haka autarta Surayya ta dawo gida haihuwar fari, ta haifi namiji. Mata na guɗa, Saude na leƙen cibiyar yaron, ta ga tsumman ya jiƙe fiye da ƙima. Daga ranar Saude ta daina iya cin abinci.

Da safiyar suna Alhaji Dalhatu, uban mijin Surayya, ya iso zaure da wanzamin gidansu, Ɗanladi na Bunkure. Saude ba ta taɓa haɗa ido da surukin nan ba. Ranar kuwa ta goya jaririn, ta ɗaure da majanyi biyu, ta shiga zauren cike da maza.

"Inna, kawo angon naki mu gyara shi," in ji Ɗanladi yana buɗe zabira.

"Angon nan nawa ba ya son aski. Ka ɗauki cinyar ragonka, halaliyarka ce, amma mayar da askar."

Alhaji ya gyara zama. "Hajiya, mun san abin da ya faru da ku. Shi ya sa na kawo wanda ya yi wa duk 'ya'yana. Hannunsa bai taɓa kuskure ba."

"Waɗancan ma ba su yi kuskure ba, Alhaji. Ba hannu ba ne. Jinin gidanmu ne."

Saude ta san abin da ta yi: kafin azahar duk Kura za ta ji, kuma tana da jikoki mata da ba su yi aure ba. Ta faɗi abin da ta ji a rediyo.

"To dokar ta fito ne?" in ji Alhaji.

"Ban sani ba. Yaron dai ya fito, kuma yana bayana."

Ɗanladi ne ya fara naɗe zabirarsa. Ya ce shi ba ya aiki a kan kokwanto.

Washegari uban yaron ya ɗauko adaidaita suka shiga Kano. A asibiti ma allura suka fito da ita, don sai an ɗibi jini za a gwada. Saude ta danne audugar da yatsanta, tana karanto duk addu'ar da ta sani, ta ƙi ɗagawa har ma'aikaciyar ta janye mata hannu a hankali. Sakamako ya fito, ciwon ne.

Yaron na nan, Lukmanu sunansa, ya fara rarrafe. Saude ta bar wa Kubra duron, ta kwashe duk wani abu mai kaifi daga tsakar gida, tana biye da shi a sunkuye. Jiya haƙorinsa na fari ya fara tsagowa, kuma tun safe take buɗe masa baki tana dubawa.