Igiyar Kaka da Tsanin Rumbu

Lokacin da Kaka ta bar ƙauyensu na wajen Zonkwa ta zo zama da mu a Narayi, kurfotinta ta fara saukewa daga mota. Da damina, in an gama tuwo, sai ta hura shi a baranda ta jera masara, mu jikoki mu kewaye ta. Ni kullum ina gefe da littafina. Maigidana take kirana, tana tsokanata wai ta auri mijin da ba ya magana.

"Ku matso, ga wata ta iso," haka take buɗe tatsuniya.

Wadda na fi so ita ce ta rumbu. Wai a shekarar yunwa hatsin gari ya rage a rumbu ɗaya, dogo, bakinsa can sama. Wani ƙato ya manna tsani da bango ya hau, tsanin ya kifo da shi ta baya. Wani matsoraci ya ja gindin tsanin can nesa, yana takawa ya zame. Sai wata tsohuwa ta kwance igiyar akuyarta, ta auna tsawon tsanin, ta ninka igiyar biyu, ta auna daga bango, ta kafa gindin a nan. Ta hau, gari ya ci.

"Rabin tsawon tsani, maigidana," in ji Kaka. "In ka manta komai, kada ka manta rabi."

Ina aji shida aka saya mini akwatin lissafi mai rula. Ran nan Kaka tana kaiwa wurin igiya a tatsuniyar rumbu, ni da ban cika buɗe baki ba, na ce malaminmu ya ce abin da ba lamba a jikinsa ba ma'auni ba ne. Yara suka kwashe da dariya. Kaka ta juya masararta.

"To, ɗan boko ya faɗa."

Ta ci gaba da ba mu wasu tatsuniyoyin, amma ta rumbu ba ta sake fitowa daga bakinta ba.

Sai a sakandare, bayan Kaka ta koma ƙauye, malami ya zana alwatika mai kusurwa talatin, sittin da casa'in. Ya ce gajeren gefe kullum rabin mafi tsawo ne. Na zuba wa allo ido. Dogon gefen tsani ne, gajeren ƙasa ce, na tsaye bangon rumbu. Igiyar da aka ninka biyu tana ba da digiri sittin cif a gindin tsani, ba rula, ba lamba.

Na zana shi a takarda da kyau, har da rumbun, don in kai mata da Kirsimeti in ce ita ce da gaskiya. Na je. Kwana uku takardar tana aljihuna. Duk sanda na matso, sai in ga mutane a wurinta, in ce bari sai anjima. Ranar tafiya ta riƙe hannuna ta ce maigidanta har yanzu rowar magana yake mata. Na yi murmushi na shiga mota. Kafin Ista ta rasu.

Yanzu ina karatun injiniya, takardar tana cikin littafina. A watan jiya kwanon gidanmu ya fara yoyo, na aro tsani. Tef ɗin awo yana aljihuna, amma igiyar shanya na kwance. Mama ta tsaya a baranda, daidai inda kurfoti yake zama, ta tambaye ni me nake yi.

"Rabi nake aunawa," na ce.

Ta zo ta riƙe mini tsanin.