Tsohuwar da ta zo Zangon Gabas ba ta kama rana ba

Shekarun baya, lokacin ina zaman jiran aiki a ƙauyenmu ta wajen Gezawa, ƙungiyar matasa ta naɗa ni mai tsaron ƙofar Zangon Gabas. Wurin tsamiyoyi ne da tsohuwar rijiya, inda masu tafiya Makka a ƙafa suke yada zango a zamanin kakanni. Da yawansu ba su dawo ba, Sudan ta riƙe su.

Da masu zuwa kallo suka yawaita suna tattake wa mutane gyaɗa, sai muka kewaye wurin, muka sa kuɗin shiga, na 'yan gari daban na baƙi daban, muka ce sai an bugo waya an kama rana. Aka ba ni benci da hula. Ni kuwa na riƙa jin kaina kamar ma'aikacin filin jirgi.

Wata Laraba da damina, ɗaliban wata makaranta sun kama ranar gaba ɗaya, sai ga wata tsohuwa ta sauko daga a-daidaita-sahu, ɗanta na riƙe da hannunta. Ya ce daga Sudan suke, gobe za su koma. A goye aka fita da ita ta wannan zango, iyayenta suka rasu a can ba su sake ganin gida ba.

Na yi musu bayanin doka, ina sosa ƙeya. Tsohuwar ba ta yi musu ba. Ta kwance bakin mayafinta ta miƙo kuɗi.

"Ɗana, karɓi na baƙi. Daga bakin ƙofa ma zan leƙa, ya ishe ni."

Hausarta irin ta da ce, cakuɗe da Larabci. Na rasa yadda zan yi, ga doka ga tsohuwa. Ana cikin haka mahaifiyata ta biyo ta wurin da ƙwaryar fura a ka, za ta kai wa masu noma. Na ba ta labari a gurguje.

Ta sauke ƙwaryar, ta dube ni.

"Kai, dokar taku ta masu zuwa kallo ce ko ta masu dawowa?"

"Ta masu kallo ce, Inna."

"To wanda ya tafi aikin Hajji, yaushe tafiyarsa ke ƙarewa?"

"Sai ya dawo gida."

"Ashe ka sani. Wannan ayari bai dawo ba sai yau. Alhazai taryarsu ake yi."

Sai ta toshe hanci ta rangaɗa guɗa. Matan da ke gonakin kusa suka yar da fartanya suka taho, ba su ma san dalili ba tukuna. Ɗaliban da kansu suka dare suka ba da hanya.

A bakin rijiyar mahaifiyata ta cika ludayi da fura ta ba tsohuwar, ta ce, "Sannu da zuwa, Hajiya. Kun daɗe. Ya hanya?"

Tsohuwar ta karɓi ludayin, ta ce, "A can tun ina yarinya baƙuwa ake ce mini. Na zaci nan ma haka ne."

Har yau idan na tuna, tausayi ne ke kama ni. Mun yi ta tsara yadda za a karɓi masu zuwa ganin inda aka tafi, ba wanda ya kawo a ransa cewa cikin waɗanda suka tafi akwai mai juyowa. Washegari da za ta shiga mota, ba ta yi mana bankwana ba. Cewa ta yi, "Sai na dawo."