Takalmina na Hagu a Hanyar Salwa

Abin da zan gaya muku, wallahi tallahi ba a majalisa na tsinto shi ba, a kaina ya faru, lokacin ina aikin gadi a Doha. Shekara huɗu na yi a ƙofar wani sito a Sanaiya, unguwar gareji-gareji da ɗakunan leburori, kuma aikina ɗaya ne tak: duk wanda ya shiga sai na ga fitarsa. In goma suka shiga tara suka fita, to ni ban tashi aiki ba. Ku riƙe wannan, don ko shi ya cece ni ko shi ya cuce ni, har yau ban sani ba.

Lokacin korona aka rufe mana unguwa, ba shiga ba fita, mu takwas a ɗaki ɗaya, kowa na tari yana ɓoyewa. Ana cikin haka aka bugo daga gida cewa maiɗakina ta kwana biyu tana naƙuda, abu ya ƙi. Na zagaya bayan ɗaki na yi kuka kamar ba namiji ba, na ɗaga hannu na yi bakance: in Allah ya sauke ta lafiya kuma abin da ta haifa ya rayu, zan taka da ƙafata daga Doha har Ɗakin Allah, ba mota ba jirgi. Ban san ya aka yi wannan ya zo bakina ba, sai dai na taso ina jin labarin kakana da aka sa min sunansa, wanda ya tafi Makka a ƙasa tun babana yana goye, bai dawo ba. Saboda shi ne mahaifiyata Inna ba ta faɗin sunana, sai dai ta ce Mai sunan Malam.

Aka haifi Safiya lafiya lau. To, kun san ɗan Adam, in ciwo ya warke sai a manta da mai magani. Korona ta wuce, ƙwallon duniya ta zo, aka ɗebe mu gadin filin wasa, na ce bari a gama ƙwallo. Aka gama, sanyi ya zo, lokacin da mai hankali zai yi tafiyar ƙasa, ni kuwa ina ta gobe jibi har ya wuce. Sai da zafi ya kankama Safiya ta kwanta, zazzaɓi ya ƙi sauka har ta daina gane uwarta. Inna ta karɓi waya, ko gaisuwa ba ta amsa ba ta ce, "Mai sunan Malam, ka yi wa Allah alkawari ka cinye."

Limamin masallacinmu ya ce min in yi kaffara in hau mota, Allah ba ya bukatar wahalata. Gaskiya ya faɗa, amma uban da 'yarsa ke kwance ba ya jin fatawa. Na ajiye aiki, na nemi bizar Umra. Wani abokina Baba Isaka, direba ne ɗan Zangon Kumasi, ya haura hamsin, kafil ɗinsa, wato ubangidan da ya ɗauko shi aiki, ya sallame shi bayan ƙwallo, ya ce shi ma ba zai koma Gana bai ga Ka'aba ba. Kullum Sikiriti yake ce min, yana tsokanata wai ko aljanna aka sa ni gadi sai na ƙirga mutane. Muka sayi dabino a kasuwar Abu Hamour, muka cika jarka biyu, muka kama hanyar Salwa wadda take kaiwa iyakar Saudiyya.

A rana ta biyu 'yan sanda suka hana mu bin gefen titi, muka koma cikin yashi bayan shinge, muna jin gurnanin manyan motoci daga nesa amma ba ma ganinsu. A rana ta uku jarkar Baba Isaka ta tsage a jaka ba mu sani ba, tawa kuma ta ƙare da hantsi. Kafin azahar harshena ya kumbura, leɓe ya dare, ina haɗiyar yawu babu yawun. Waya ta kama sabis sau ɗaya, saƙon maiɗakina ya shigo, muryarta ƙasa-ƙasa, wai tun asuba yarinyar ba ta buɗe ido ba. Na ji a raina kamar kowane taku ɗaya numfashinta ɗaya ne, in na tsaya ta tsaya.

Muna hayewa wani tudu sai ga ɗaki a gabanmu, fari, irin na kwantenar nan da ake yi wa ma'aikatan gini ofis. Da rumfa a gaba, da randa da moɗa a kai. A saman ƙofa allo ne da Larabci, a ƙasansa kuma rubutun ajami, na yi makarantar allo na karanta sarai: wurin tarbar maniyyata masu tafiyar ƙasa. Hausa fa, jama'a, a tsakiyar yashin Ƙatar! Wani sanyi na fitowa daga ƙofar yana dukan fuska. A bakinta dattijo ne zaune, baƙi, siriri, da farar jallabiya. Ya yi mana sannu da hanya da Hausa tsantsa, ya ce mu shigo mu sha ruwa a rubuta sunanmu, duk mai tafiyar ƙasa nan yake yada zango. Na leƙa randar, babu ko ɗigo, ya ce ruwan yana ciki.

Baba Isaka ya ce yalla, maza mu shiga. Ni na ce mu ɗan ƙara gaba, mai yiwuwa akwai gidan mai, don ni tsayawar ce ba na so saboda Safiya. Ya ce gawa ba ta cika alkawari, in na faɗi a yashi wa zai kai ni Makka? Nan ya fi ni gaskiya. Na sunkuya na kwance takalmina na hagu, na ajiye, na ɗora ƙafar a dokin ƙofa, sanyi kamar gindin randa.

A sunkuyen nan ne idon gadi ya yi aikinsa, ba da nufina ba. Takalma a jere a bakin ƙofa, na ƙirga sama da ƙafa arba'in, alhali ɗakin nan mutum goma ba zai ɗauka ba. Akwai kambas sabo, akwai silifa, akwai fade na fata irin na mutanen da, sun bushe sun nannaɗe kamar ƙilishi. Na duba yashi, sawu birjik, duk sun fuskanci ƙofa, babu ko ɗaya da ya juyo. Na kasa kunne, ba ƙarar na'urar sanyaya ɗaki, ba janareta, ba wayar lantarki, ba sawun taya. Mutum arba'in a ciki ko tari babu.

Na ɗago, dattijon yana kallona, sai a lokacin na lura da tsagen da ke kumatunsa, irin na gidanmu ne sak.

Ya ce, "Mai sunan Malam, cire ɗayan mana. An daɗe ana jiranka."

Inna lillahi! Duk Doha babu wanda ya san wannan sunan, Baba Isaka ma bai sani ba. Na damƙe hannun Baba Isaka na gaya masa abin da na gani, ina rawar murya. Ya dubi takalman, ya dube ni, ya zare hannunsa a hankali.

"Sikiriti, na gaji, kalas, shi ke nan. In mutuwa ne, waje ma mutuwa ne."

Ya tuɓe nasa duka biyu, ya jera su da kyau, ya yi bismilla ya shiga. Taku biyu na daina ganinsa, ga rana tsaka. Na kira shi har muryata ta dushe, shiru. Dattijon bai hana ni ba bai ja ni ba, abu ɗaya ya ƙara, ya ce yarinyar ma ni take jira.

Ba zan ɓoye muku ba, na so in shiga, wallahi na so. Ƙafa ɗaya a sanyi, ɗaya a takalmi cikin yashi mai ƙuna, ina kuka babu hawaye. Zuciya ɗaya ta ce shiga, wataƙila nan ne maganin 'yarka. Ɗaya ta ce ka taɓa ganin ƙofar kirki da ba a fita? In ka ɓace kamar kakanka, wa ka bar wa mace da marar lafiya? Tsoro ya rinjaya. Na juya na zura da takalmi ɗaya, na nufi inda nake jin motoci, ina faɗuwa ina tashi, har na kai shinge na zube.

Wani direban tanka ɗan Sudan ya tsince ni. Ya ce ina ta surutu wai ɗan'uwana yana can, shi ya sa bayan ya ba ni ruwa ya bi sawuna da kansa. Ya rantse min babu ɗaki, babu rumfa, babu takalma. Sawun mutum biyu ya gani sun zo sun tsaya a fili fetal, na mutum ɗaya ya juyo, ƙafa guda ba takalmi. Ya sa ni a mota ya kai ni asibiti, nan bakancena ya karye. Hukuma ta nemi Baba Isaka, ta yi min tambayoyi har na gaji, likita ya ce zafin rana ne ya taɓa min kai.

Da na farfaɗo na kira gida, maiɗakina ta ce Safiya ta buɗe ido, a ranar da na ga ɗakin nan, bayan azahar, har ta nemi kunu. Na yi sujada a gadon asibiti. Sai bayan kwana biyu da aka tsayar da ita aka ga ƙafa ɗaya ba ta ɗaukarta. Na tambaya wacce, ta ce ta hagu. Likitoci sun ce zazzaɓin ne, ban musa musu ba.

Bayan sati uku wata baƙuwar lamba ta kira ni, muryar Baba Isaka ce garau, yana dariya.

"Sikiriti, na iso, na yi ɗawafi. Ai ƙofar fita a baya take. Takalminka yana nan, an ce a ajiye maka."

Waya ta katse. Na kira lambar ya fi sau ɗari, ba ta shiga, kuma har yau iyalinsa a Kumasi ba su sa shi a ido ba.

Na dawo gida, na yi kaffara, na je Umra a jirgi. Safiya ta shiga makaranta tana jan ƙafa, kullum da safe ni nake sa mata takalmi, kuma duk sanda na zo kan na hagun sai in tambayi kaina da na cire ɗayan fa? Shawarata gare ku, kada ku yi wa Allah alkawari cikin firgici, in kun yi kuma kada ku ce sai an gama ƙwallo. Batun ƙofar nan kuwa, ba zan ce ku shiga ba, ba zan ce ku wuce ba. Amma don Allah, in kun same ta, kada ku tsaya da ƙafa ɗaya a ciki.