Na'urar da Ta Ƙi Zaɓen Mai Makulli

A gidan hayarmu mai ɗaki bakwai da kwata ɗaya, ɗakin farko na bakin ƙofa na Mai Makulli ne. Shekara ashirin da 'yan kai yana yankan makulli a wata 'yar rumfa a bakin titi, da injinsa mai ƙara kamar ana goga haƙori a jikin langa-langa. Sunan da ya fi kama shi kuwa Sai-Na-Gani. Ka ce masa ana ruwa, sai ya miƙa hannu ta taga. Matarsa ta ce ta kulle ƙofa, sai ya tashi ya girgiza kwaɗon. Ranar da aka haifi autarsa ma, an ce sai da ya ƙirga yatsunta sau biyu, sannan ya tambayi nas ko ta tabbata wannan ce tasa.

Amma a ba shi haƙƙinsa. Rabin unguwar nan a wurinsa suke ajiye makullin ko-ta-kwana, cikin wani gwangwanin madara, kowanne da zarensa mai launi, kuma ko allura ba ta taɓa ɓata a ɗakin wani ba. Shi da bakinsa yake cewa, mai yankan makulli ba shi da jari sai amana. Ranar da aka ce maka macuci, ka naɗe tabarmarka.

Rigimar daga kwata ta taso. Kowace Asabar ɗaki ɗaya ne ke wanke ta, kuma Wakili, wato wakilin mai gida, shi ke rubuta ɗakunan a 'yan takardu, ya zuba a hularsa, ya girgiza, ya zaro ɗaya. Cikin wata biyu takardar Mai Makulli ta fito sau uku.

"Wakili, hular nan taka tana da ido," in ji shi, yana riƙe da tsintsiya.

"Haba Baba, ƙuri'a ce fa."

"Ƙuri'ar da ta san hanyar ɗakina kamar mai kawo wasiƙa? Na ga yadda kake naɗe tawa. Ta fi sauran kauri."

Daga ranar ya sa wa ransa sai ya samo mai zaɓen da ba shi da ɗan ɗaki. Autarsa, da ta sami aiki a wani gari, ta bar masa tsohuwar kwamfutarta ta cinya, wadda harafi biyu suka goge a jikinta. A bakinta ya taɓa jin cewa akwai wani yaren ba kwamfuta umarni mai sauƙi, wanda 'yan koyo ke farawa da shi, kuma darussansa na nan birjik a waya. Sai ya kai kwamfutar rumfa, ya liƙe idon kyamararta da salatif, domin a cewarsa bai san wanda ke leƙe daga ciki ba, ya fara karatu tsakanin mai saye da mai saye, da yatsa ɗaya da tabarau a ƙarshen hanci.

Darasin farko, ka sa na'ura ta rubuta gaisuwa. Ya rubuta, ya danna, ta ce masa sannu.

"To, ta gaishe ni don na ce ta gaishe ni," ya gaya wa matarsa da yamma. "Irin gaisuwar Wakili ke nan."

"Kai dai ko inuwarka ce ta gaishe ka, sai ka tambaye ta wa ya aiko ta."

Abin da ya saye zuciyarsa shi ne ranar da ya manta bai rufe wata alamar baka da ya buɗe a rubutun ba, na'urar ta watso masa jan rubutu, ta ƙi motsi. Ya ɗauki rabin yini yana bin layi layi kafin ya gano. Maimakon haushi sai murna ta kama shi. Karon farko ke nan da ya haɗu da abin da ya kai shi bin ƙwaƙƙwafi. Kamar makulli ne sak: haƙori ɗaya ya kauce, ƙofa ba ta san magiya ba.

Sai dai malamin darasin bai tsira daga zargi ba. Mai Makulli ya lura mutumin yana jan magana, ya yanke hukuncin cewa da gangan yake yi don ya cinye masa data. Saboda haka duk inda ya ga an fara dogon bayani, sai ya ja gaba da yatsa, ya tsaya inda ake nuna abin da za a rubuta.

Cikin wata ɗaya da rabi ya haɗa abinsa, layi shida cif. Ya jera ɗakuna bakwai, nasa a farko tunda shi ne na bakin ƙofa, ya umarci na'urar ta zaɓi lamba daga ɗaya zuwa bakwai, ta faɗi mai ɗakin. Ranar Asabar ya ɗora ta a kan kujera a tsakar gida, ya tara mu.

"Wannan ba ta da ƙane, ba ta da suruki, ba ta da hula," ya ce, yana kallon Wakili. "Duk wanda ta kira, ko ni ne, babu ɗaukaka ƙara."

Ta kira Direba, ɗaya daga cikinmu 'yan haya. Mako na biyu ta kira Tela, matar ɗaki na huɗu, wadda bakinta ya fi almakashinta kaifi. Na uku Wakili, wanda shi ma a gidan yake zaune. Mai Makulli ya yi dariya har da tari. A mako na biyar ya danna, sai jan rubutu ya fito maimakon suna. Ya ce atishawa ta yi, ya sake dannawa, ta kira Tela. A mako na tara ma haka.

Mako goma sha biyu, na'ura ba ta taɓa ambaton ɗakin farko ba.

"Baba Sai-Na-Gani," in ji Tela, hannu a ƙugu, "mu ma fa mun gani. Duk ranar da ta kira ka sai ta yi ja don kunya, kai kuma ka sake dannawa. Wakili da hula ɗaya ya yi nasa, kai da turanci kake yi mana."

"Ni? Ni za ki ce wa haka?"

"Da wa nake? Da kwatar?"

Washegari da safe ta tsaya a bakin rumfarsa, ba ko gaisuwa, ta miƙa hannu. "Makullina. Mai jan zare."

Ya buɗe gwangwanin, ya miƙa mata. Shekara tara makullin nan yana wurinsa. Kafin azahar Direba ma ya zo, yana sosa ƙeya, wai ƙaninsa ne zai riƙa ajiye masa. Gwangwanin da ke cike ya fara ƙara in an girgiza shi.

Mai Makulli ya san bai yi cuta ba, don haka dole wani ne ya yi. Ya fara da matarsa, ko ta taɓa na'urar don tausayin bayansa. Ta ce ita ko inda ake kunna ta ba ta sani ba, kuma da tana da iko, da kullum shi za ta riƙa kira ko ya rage surutu. Ya koma kan Wakili, ko ya shiga ya yi masa tarko don ya zubar masa da mutunci. Sai ya tuna kwaɗon ɗakin shi ya zaɓe shi da kansa. Ya ƙara salatif a kan kyamara. Bai hana komai ba.

Sai ya yi abin da ya saba. Ya rufe rabin rumfa, ya yago bayan kwali, ya danna sau ɗari yana jan layi a gaban kowane ɗaki. Ɗakuna shida suka sha layi, jan rubutu ya fito sau goma sha biyar, gaban ɗakinsa kuwa fari fat kamar an share. Ya ce wa na'urar ta nuna masa na ɗaya a jerin kawai. Ta nuna Wakili, mai ɗaki na biyu.

Nan ya haɗiye girman kai ya kira Auta.

"Ke kika saita ta ta riƙa tsallake ni?"

"Baba, ko sannu? Karanto mini abin da ka rubuta."

Ya karanto. Sai ta fashe da dariya har yana jin tana dukan tebur.

"Baba, ka kalli darasin jeri kuwa?"

"Na kalli mai amfanin."

"Ɗauko rular da kake auna makulli. Daga nawa ta fara?"

Ya ɗauko, ya gyara tabarau. "Sifili."

"To haka take ƙirga jeri. Kai ne sifili, Wakili ɗaya, na ƙarshe shida. Ka ce ta zaɓa daga ɗaya, ka ga ka fitar da kanka. In kuma ta zaɓi bakwai, babu kowa a wurin, shi ne take yin ja."

"Ni ne sifili?"

"A jerin dai, Baba."

Ya daɗe yana kallon rular da ya yi shekara ashirin yana riƙewa. Ya nemi wanda zai ɗora wa laifi, ya duba gabas ya duba yamma, babu kowa sai mai yatsan da ya ja darasi gaba.

Ranar Asabar ya fito da kwalin, da rular, da kwamfutar. Ya yi bayani tiryan-tiryan, bai rage komai ba, har da zancen data. Ya gyara lambobin a gabanmu, sifili zuwa shida, ya ce wa Tela ta danna da hannunta har sai ta gaji. A dannawa ta huɗu sunansa ya fito, tsakar gida ta kaure da shewa.

"Wata uku na ci bulus," ya ce. "Asabar huɗu masu zuwa nawa ne, kada wanda ya taɓa tsintsiya."

"Ashe hulata ba ta da laifi," in ji Wakili.

"Wannan kuma sai na gani."

Ya wanke ta farko, ya wanke ta biyu, Tela tana zaune a ƙofarta tana nuna masa inda ya tsallake. A ta uku, yana duƙe da wando a naɗe, wani abu ya faɗo kusa da ƙafarsa, saura ƙiris ya shiga kwatar. Makulli ne mai jan zare.

"A mayar gwangwani, Baba Sifili," in ji Tela, ta shige ɗaki.

Ya ɗauka, ya goge a rigarsa. Sannan ya ɗaga shi sama wajen haske, ya ƙirga haƙoran makullin ɗaya bayan ɗaya, ya sake ƙirgawa, don ya tabbata ba wani ta canzo masa ba.